Sabon Gari, Tsibiri, Jiratawa: Inda Matan Maraɗi Suka Ajiye Tarihinsu

Tambayar wata ɗaliba ce ta tayar da malamar daga Katsina. Tarihi take koyarwa a wata makarantar 'yan mata. Ranar nan ta gama jera sunayen sarakuna da yaƙe-yaƙensu a allo, sai wata yarinya daga bencin baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, to ban da Daurama da Amina, sauran matan ina suke duk tsawon lokacin nan?" Malamar ta ba ta amsar da ta zo mata a baki, amma har ta koma gida abin yana cin ranta, don ita kanta ta san amsar ba ta ƙosar ba. Da aka ba da hutu, hunturu ya kankama, sai ta zuba littattafan rubutu biyu da waya mai ɗaukar murya a jaka, ta kama hanyar Maraɗi, inda gwaggonta ta shafe shekara fiye da 40 tana aure a unguwar Sabon Gari.

Tafiyar ba doguwa ba ce, kilomita wajen 90 ne. Mota ta bi ta Jibiya, aka tsaya a Magama, aka tsallaka iyaka zuwa Ɗan Isa, 'yan canji suka karɓi naira suka miƙo sefa. Daga nan kunne ya fara jin bambanci. Makarantar boko ta koma lakwal, asibiti ya koma likita, dubu ta koma jikka. Duk da haka Bakatsiniya ba ta baƙunta a Maraɗi. Lokacin da birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi a 1807, tsohon gidan sarauta ya yi arewa, bayan shekaru na gudu da ɗauki-ba-daɗi ya zauna da gindinsa a Maraɗi a ƙarƙashin Ɗan Kasawa. Shi ya sa har gobe Sarkin Katsina ake kiran mai sarautar garin. Da za su zo kuwa da tsarin fadarsu suka taho, har da sarautun mata. A Zazzau sarautar Iya ta daɗe da komawa hannun maza, a Maraɗi kuwa mace ce ke riƙe da ita. Abin da ya sa malamar ta fara da nan ke nan.

Tsohon garin Maraɗi a fadamar gulbi yake. Ambaliyar 1945 ta ci shi, aka tashi mutane zuwa kan tudu, aka yanka musu tituna miƙaƙƙu. Tsofaffin unguwanni irin su Bagalam da Limanci da 'Yandaka da Maradawa suka hau da sunayensu, Sabon Gari ta biyo baya ta zama masaukin baƙi da 'yan kasuwa. Mai neman tarihi a nan sai ya riƙe wannan a ransa: garin da yake takawa bai cika shekara 100 ba, abin da ya haye tudu shi ne abin da aka iya ɗauka a ka, da wanda aka riƙe a cikin kai.

Ɗan kabu-kabu ya sauke ta a ƙofar gida daf da la'asar. "Maraba da mutanen Katsina! Ke ɗiyata, sai yau kika tuna da mu?" Aka shimfiɗa tabarma, aka dama fura, aka yi ta gaisuwa ana tambayar na gida ɗaya bayan ɗaya.

Washegari ta fara da inda kowane ɗan boko zai fara, wato wajen masu sayar da littattafai a bakin babbar kasuwa. Ga Ahalari da Ishmawi da Iziyya an jera, ga littattafan soyayya na Kano, ga na lakwal cikin Faransanci. Da ta faɗi abin da take nema, wani dattijo mai tebur ya gyara zama ya ce, "Hajiya, akwai tarihin matan Annabi, akwai na sahabbai mata." Ta saya, don abin so ne. Amma da ta ce na matan garin nan fa, sai ya girgiza kai. Tebur bakwai ta zaga, amsar ɗaya ce.

Alhali kuwa an rubuta. Maraɗi na cikin garuruwan Hausa da masu bincike suka fi zama a cikinsu. Wata Ba'amurkiya masaniyar tarihi, Barbara Cooper, ta zauna a garin a ƙarshen shekarun 1980, ta bi gida-gida tana hira da mata, talakawa da 'yan sarauta, na birni da na ƙauye, a 1997 ta fitar da Marriage in Maradi, wanda ya bi sawun aure da rayuwar mata daga 1900 zuwa 1989. A 2019 ta ƙara da wani a kan tarihin haihuwa a yankin Sahel. Kafin ita, Guy Nicolas ya shafe shekaru yana nazarin al'ummar kwarin Maraɗi, Jacqueline Monfouga-Nicolas kuma ta buga littafi a kan bori a 1972. Duk ilimi ne da aka ɗebo daga bakin Hausawa cikin Hausa, aka juye shi a Ingilishi da Faransanci, ya tafi ya zauna a ɗakunan karatu na nesa. Ba laifin masu rubutun ba ne, sun yi aikinsu, wasu ma sun yi shi da amana. Namu ne da ba mu bi sawu mun dawo da shi gida ba.

Malamar ta zo da kwafin littafin Cooper da ta aro a Katsina. Daren nan bayan isha'i, an kewaye kaskon wuta a tsakar gida, gwaggo ta ga tana buɗe shi da fitilar waya ta ce, "Me yake cewa?" Sai ta fara fassara musu da baki, shafi-shafi. Kafin a jima maƙwabta biyu sun shigo, an ƙara tabarma. Inda littafin ya zo kan kayan ɗaki, yadda a farkon ƙarnin da ya wuce abin da amarya ke shiga da shi yawanci aikin hannun dangi ne, ƙore da zanen saƙi da zaren da mata suka kaɗa, sannan kuɗin gyaɗa suka shigo kayan kanti suka maye gurbinsu, wata tsohuwa ta buga cinya ta ce, "Wanga ai mu ne! Wa ya gaya mata?" Aka ce ai iyayenku ne suka gaya mata. Daga nan karatu ya tsaya, gyara da ƙari suka fara. Wannan ta ce a gidansu ba haka aka yi ba, waccan ta ce an manta da kaza. Malamar ta rufe littafin ta kunna wayarta.

Da gari ya waye gwaggo ta ja ta ɗaki ta ce, "Tunda tarihi kike so, zo ki gani." Ɗakin irin na da ne, jere har kusa da rufi. Kwalla da samira da langa da fanteka, an kife su bisa juna suna ƙyalli. Tsohuwar ta riƙa ɗaukar su ɗai-ɗai. Wannan ƙawarta ce ta kawo ranar sunan ɗanta na fari, shekarar da soja suka kifar da Shugaba Diori, wato 1974, ana tsakiyar fari. Waccan ta saye ta da ribar ƙuli-ƙuli. Wannan jerin guda shida kuwa saura ne, da goma sha biyu ne, ta sayar da rabi shekarar da hatsi ya yi wuya ta ciyar da gida, maigida bai ma sani ba sai daga baya. Can ƙasa, a naɗe cikin tsumma, ta zaro wata ƙwarya mai zanen wuta, ta tsage an ɗinke ta da zare. Ta mahaifiyarta ce, da ita aka hau tudu shekarar ambaliya.

Ba ta taɓa shiga aji ba, amma babu kwano ɗaya da ta manta wanda ya kawo shi, da bikin da aka kawo shi, da abin da ita ta mayar. Haka biki yake tsakanin mata: abin da aka kawo miki bashi ne, ranar nasu ki mayar da ƙari. Saboda haka ɗakin nan rajista ce ta zumunci, ta farashi, ta shekarun yunwa da na wadata. Yau 'yan mata sun koma kabad da kayan tangaran, ana kwashe tsofaffin kwanoni ana sayar wa 'yan gwangwan da awo. Duk jeren da aka rushe ba a tambayi mai shi ba, an yi asarar abin da ba ya cikin kowane littafi.

A ɗakin ne kuma zancen kulle ya taso. Cooper ta nuna cewa bayan Faransawa sun haramta bauta a 1905, aikin da bayi mata ke yi, daka da ɗiban ruwa da noma, ya dawo kan matan aure, sai zama cikin gida ya zama wata alama ta 'yanci da daraja ga wadda mijinta ke da hali. Gwaggo ta yarda da rabin maganar. Ta ce ita kam ta huta da rana. Amma ƙanwarta da ke ƙauye, ranar da aka sa ta kulle ta rasa gamanarta, ɗan filin da take nomawa na kanta, wanda da shi take sayen akuya da zane ba ta roƙi kowa ba. Mata biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, hukunci biyu. Malamar ta rubuta duka biyun.

Kwana na uku suka bi ta ƙofar fada. M. G. Smith, a nazarinsa na 1967 kan Maraɗi zamanin Ɗan Baskore, ya bayyana Iya a matsayin babbar mai sarauta daga cikin 'ya'yan gidan, mai gidanta da fadawanta, ita ce shugabar 'yan bori, ita ke tsaye kan auren 'yan matan gidan sarauta, matan da ba su da aure kuma a ƙarƙashinta suke. Ke nan akwai wani fanni na mulkin gari da sarki ba ya taɓa shi sai ta hannun mace. Jerin sarakunan Maraɗi kowane maroƙi zai zuba maka shi tun daga Ɗan Kasawa. Jerin Iyoyi kuwa, sai an zauna da tsofaffin gidan an yi ta haɗawa.

Tsibiri, wadda takardun hukuma ke rubutawa Tibiri, kilomita wajen 12 ce daga Maraɗi ta arewa maso yamma. Nan ne zancen ya yi zurfi.

Garin ɗan yaƙi ne, yaƙi ya haife shi. Alƙalawa ta faɗi a 1808, Sarki Yunfa ya mutu a ciki, Gobirawa suka watse suna neman wurin tsayawa. A 1836 suka haɗa kai da Katsinawan Maraɗi da wasu Buzaye suka gwabza da rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Gawakuke, aka ci su, Sarkin Gobir Ali da Sarkin Maraɗi Rauda duk suka kwanta a fagen. Bayan wannan ne Mayaƙi ya tattara sauran jama'a ya kafa Tsibiri kusa da 'yan'uwansa na Maraɗi. A nan ma ba a bar sarautar mace a baya ba. Tasu sunanta Inna, Innar Gobir.

A wani gida kusa da fada aka haɗa malamar da wata tsohuwa mai tsagen Gobirci ya cika kumatu, tana zaune kan buzu tana riƙe da carbi. Malamar ta durƙusa ta gaishe ta, "Ina wuni, Iya?" Tsohuwar ta amsa, ta dube ta da kyau ta ce, "Ɗiyar Katsina, abin da munka gani za ni gaya miki, wanda ba mu gani ba sai in ce an ce." Da wannan sharaɗi ta fara, sharaɗin da ya kamata a rubuta a bangon kowane ajin tarihi. Ta ce Inna daga cikin gidan sarauta ake zaɓenta, naɗa ta ake yi kamar kowane basarake, tana da makaɗa da masu take mata baya. Mace in ta rasa inda za ta kai kuka, gidan Inna take nufa. Rikicin kishiyoyi, yarinyar da ta gudo daga auren da ba ta so, mara lafiyar da aka rasa kanta, duk can ake kai su. A cikin abin da ta ce "an ce" ne ta ambaci Tawa, sarauniyar da masu ba da tarihin Gobir ke sa wa a can farkon zance, tun Gobirawa ba su sauko kudu sosai ba.

Wani mai karatu zai yamutsa fuska da jin bori, ya ce me ya kai malamar makaranta wannan wuri. Tsohuwar ma da kanta ta ce ta daɗe da barin waɗannan abubuwa, ta nuna carbinta. Amma sanin abu daban, binsa daban, kuma babbar hujja a kan haka tana Sakkwato. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta ga yadda yaƙe-yaƙe suka cika ƙauyuka da mata waɗanda ba su san komai na addini ba, da yawansu daga ƙasar Gobir, sun saba in ciwo ko baƙin ciki ya zo su nemi 'yan bori. Ba ta tsaya zagi daga cikin gida ba. Ta kafa 'yan taru: ta zaɓi mata dattijai masu hankali daga garuruwa, ta naɗa kowacce jaji, su zo wurinta su ɗauki karatu cikin waƙoƙin da ta tsara da Hausa da Fulatanci, su koma su koyar. Abin da take ɗora wa jaji a ka ranar naɗi shi ne malfa da jan rawani. Jean Boyd, wadda ta yi shekaru masu yawa a Sakkwato tana bin rubuce-rubucen Nana kafin ta fitar da tarihinta a 1989, ta nuna cewa malfar nan alama ce da mata suka riga suka sani a kan Innar Gobir. Wato Nana ta san tsarin da take son sauyawa ciki da waje, ta ɗauki alamar ikon da mata ke girmamawa ta ɗora ta a kan ilimi.

Da malamar ta ba tsohuwar wannan labari, sai ta yi shiru, can ta ce, "Ashe malfarmu ta tai Sakkwato." Yaƙin Gawakuke ya ƙara raba Sakkwato da Gobir, Nana ma ta yi waƙa a kansa daga ɓangaren waɗanda suka yi nasara. Amma tarihin matan ɓangarorin biyu a ɗinke yake, ba a fahimtar jaji sai an san Inna. Yarinyar da ke Sakkwato ta san rabi, wadda ke Tsibiri ta san rabi, iyaka da harshen lakwal sun shiga tsakani.

Kada kuma a manta, Nana Asma'u da kanta marubuciyar tarihin mata ce. A waƙarta Tawassuli ga Mata Masu Albarka ta jero mata salihai tun daga iyalan gidan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta biyo ta kan irin su Rabi'atul Adawiyya, ta sauko har kan malamai mata na zamaninta da ta sani ido da ido. Boyd da Beverly Mack sun tattara ayyukanta a kundi guda a 1997. Duk wanda ya ce rubuta sunayen mata don kada su ɓace baƙon abu ne da aka kawo mana daga waje, bai san wannan waƙa ba.

Jiratawa tana kudu da Maraɗi, tafiyar da ba ta kai rabin sa'a ba. Tun daga nesa ido ke hutawa, don kore ne shar a tsakiyar rani. Akwai filin noman rani na hekta wajen 500 da aka shimfiɗa a farkon shekarun 1980, ana jawo ruwa daga ƙarƙashin ƙasa, garin kuma ya yi suna da zogale. Maza ke da yawancin filayen, amma daga tsinka zuwa kasuwa hannun mata ganyen ke bi. Su ke zagewa, su dafa, su shanya, su auna a buhu, wasu su kwaɗanta da ƙuli-ƙuli 'yan mata su ɗauka a ka.

Malamar ta taki sa'a, ranar zaman asusu ta iso. Mata wajen talatin sun yi da'ira bisa tabarmi a inuwar bedi, a tsakiya ga akwatin ƙarfe mai makulli uku, kowane makulli a hannun mace daban, akwatin kuma yana kwana a gidan ta huɗu. Aka buɗe a gaban kowa. Ana kiran suna, mace ta taso ta ajiye zubinta a faranti, mai ƙirga ta ɗaga ta faɗa da ƙarfi. Wadda ta makara ta biya tara ba gardama. Da aka zo kan bashi, shugabar ba ta buɗe takarda ba, tambaya ta yi, "Wa ke riƙe da na wance?" Ta kusa da ita ta ce jikka goma ne, saura mako biyu. Kowace mace tana riƙe da lissafinta da na maƙwabciyarta a ka.

Wannan tsari shi ake kira Mata Masu Dubara. A jahar Maraɗi aka fara shi a 1991, lokacin da ƙungiyar CARE, ta hannun wata ma'aikaciyarta 'yar ƙasar Norwe mai suna Moira Eknes, ta zauna da matan karkara aka gina shi bisa adashin da suka gada. Bambancinsa da adashi shi ne kuɗin ba kwasa ake yi bi da bi ba, tarawa ake yi ana ba da rance, a ƙarshen zagaye a fasa a raba da riba. Ba a kawo musu ko dala daga waje ba. Daga ƙauyukan nan tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da wajenta, yau miliyoyin mutane ke cikin irinsa. Abin alfahari ne da ya fito daga ƙasar Hausa da suna na Hausa, amma ɗalibai nawa ne a Kano ko Zariya suka taɓa jin sa a aji? Rahotanni sun adana adadi. Yadda aka yi ta gardama kafin a yarda da tara, yadda maza suka fara da hanawa suka dawo suna aiko matansu neman rancen iri, wadda ta fara tsayawa takarar kansila daga cikin da'irar, wannan duk yana bakin matan da suka fara, kuma waɗanda suka fara suna da ƙuruciya a 1991 yau jikoki ne a gabansu.

Shekarar nan ta 1991 ta sake fitowa a daren ƙarshe a Sabon Gari, a bakin wata tsohuwar malamar lakwal da ta yi ritaya, wadda duk unguwa ke kira Madam. Ta ce a wannan shekara, da aka kafa kwamitin shirya babban taron ƙasa, mace ɗaya tak aka sa a ciki. Ranar 13 ga Mayu mata suka cika titunan Yamai suka nufi ofishin firaminista, ba su watse ba sai da aka ƙara musu kujeru. Ranar ce ta zama ranar matan Nijar da ake biki duk shekara. A 2000 aka yi dokar kaso, wadda ta tanadi aƙalla kashi 10 cikin 100 na kujerun zaɓe da kashi 25 na muƙaman naɗi, a 2019 aka ɗaga zuwa 25 da 30. Ta lissafo Aishatu Mindaudu da ta riƙe ma'aikatar harkokin waje kusan shekara goma, da Mariyama Gamace Bayar, haifaffiyar Maraɗi, mace ta farko da ta tsaya takarar shugabancin ƙasar a 2011. Ta tashi ta buɗe akwati ta fito da zannuwan 13 ga Mayu na shekaru daban-daban, kowanne da tambarinsa da shekararsa, a goge a ninke. Ta ce 'ya'yanta na cewa ta rabar, ta ƙi.

Da malamar ta tambaye ta wace mace yaran lakwal suka fi sani, ba ta yi jinkiri ba ta ce Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta tsaya wa rundunar Faransawa ta Vule da Shanuwan a watan Afrilun 1899. Dalili a fili yake: Abdullahi Mamani ya rubuta littafi a kanta a 1980, Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986. Wadda aka rubuta ita aka sani. Mangu ta cancanci sunanta, amma in aka tsaya a kanta an koma gidan jiya, an ƙara suna ɗaya kan Daurama da Amina, tambayar yarinyar nan ta bencin baya tana nan ba a amsa ba. Sauran matan da take nema su ne irin ungozomar da ta karɓi haihuwar rabin unguwa, da malamar da ke karantar da matan aure a zaure, da zabiyar da ta san asalin kowane gida, da mai tuwon tasha da ta kai 'ya'ya biyar makaranta. Usaina Alidu, 'yar Nijar da ke koyarwa a Amurka, ta nuna hanya a littafinta na 2005, inda ta ba malamar addini da mawaƙiya Habsu Garba matsayin da ake ba manyan 'yan siyasa.

Madam ta ce mai son ya zurfafa sai ya dangana da Yamai, inda akwai gidan adana takardun ƙasa, da cibiyar binciken IRSH, da CELHTO da aka kafa don tattara tarihin baka, ga kuma tsofaffin faya-fayan gidan rediyon ƙasa. Wannan tafiya ce ta wani hutun.

A mota kan hanyar komawa, malamar ta riƙa tuna Baba ta Karo. Tsohuwa ce kamar gwaggonta, ba sarauniya ba, ba malama ba. Ta zauna da Mary Smith a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950 ta ba da labarin rayuwarta, aka buga a 1954, ita kuwa ta rasu a 1951 ba ta ga littafin ba. Yau duk duniya in ana zancen rayuwar matan Hausa kafin zuwan Turawa da bayansa, da bakinta ake kafa hujja. Abin da aka yi mata bai wuce a zauna, a yi tambaya, a yi haƙurin saurare, a rubuta yadda ta faɗa ba. A lokacin sai da takarda da alƙalami da watanni. Yanzu na'urar tana cikin jakar kowace ɗaliba.

Ta sauka Katsina da littattafan rubutunta biyu a cike, da muryoyin mata tara a waya, kowace da izininta. Makon farko na komawa aji ta kunna wa ɗalibanta muryar tsohuwar Tsibiri, sannan ta ba su aikin gida: kowace ta je wurin kakarta ko wata tsohuwa a unguwa, ta gaishe ta yadda ya kamata, ta nemi izini, ta tambaye ta abin da ta shiga ɗaki da shi, da sana'ar da ta riƙe ta, da shekarar da ta fi wuya, ta rubuta da Hausa, ta sa sunan gari da ranar da aka yi hirar.

Kira ya rage ga malaman jami'o'in Maraɗi da Katsina da Sakkwato, su nemi izinin masu littattafan nan su juyo su zuwa Hausa, gidajen rediyo kuma su ba tsofaffin mata fili su yi magana da bakinsu. Mai karatu kuwa, in akwai tsohuwa a gidanku, a je mata da tambayoyin nan uku a wannan makon, kada a bari sai an ji sanarwa.